Wasiƙa Daga Agege: A Karanta Mana Dokarmu Da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana da 'yan'uwana Hausawan Legas, musamman lauyoyinmu da sarakunanmu da limamanmu, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato rashin sanin dokokin da ke kare haƙƙinmu mu masu naƙasa.

Ni gurgu ne. Na san yanzu a rediyo "masu buƙata ta musamman" ake cewa, kuma na gode wa waɗanda suka kawo kalmar don a mutunta mu, amma a Agege in ka ce gurgu mai takalmi kake nema an fi saurin nuna maka shagona. Shan inna ce ta kama ni ina ɗan shekara uku a wani ƙauye kusa da Funtuwa, ta shanye mini ƙafafu biyu. A 2003 na sauka a Legas da basilla da zare da gwangwanin gam, ina zama bakin titi ina gyara wa mutane takalma. Yau ina da shago, ina ɗinka takalman fata na maza, yara biyu suna koyon aiki a hannuna, ina da mata da 'ya'ya biyar. Alhamdulillahi. Ban taɓa miƙa hannu na roƙi kowa ba, kuma ban faɗi haka don in raina mai miƙawa ba. Na san abin da ke kai mutum can.

A ƙarshen daminar 2022 mai gidan da nake hayar shago a wurinsa ya rasu, magada suka damƙa gidan a hannun wani ejan. Shagona a bakin kwata yake, irin kwatar nan ta Agege mai faɗi da zurfi. Tun shekarar da na kama shi na sa aka zuba mini ɗan gangaren siminti a kan kwatar don kekena ya riƙa hawa. Buhu biyu ya ci, da rodi kaɗan. Wata Litinin na iso da sassafe na tarar an farfashe shi da guduma, ɓaraguzan suna cikin kwata, an kuma ɗora wani kwaɗo a kan nawa. Da ejan ya zo, a gaban yarana ya gaya mini cewa wani mai sayar da wayoyi zai haɗa shagona da na kusa da ni ya kama, kuma ba ya son masu sayayya su riƙa ganin keken guragu a ƙofa, kada su ɗauka matattarar mabarata ce. Ya ce mako biyu ya ba ni, in na shirya kwashe kaya in kira shi ya buɗe. A lokacin saura wata bakwai kuɗin hayata na shekara ya ƙare, rasit ɗin yana cikin jakata.

Na zauna a kan keke a bakin kwatar nan har rana ta take. Takalman mutane suna ciki, har da na wani ango da za a ɗaura wa aure ranar Asabar. Tsakanina da ƙofar bai fi kamu uku ba, ina kallonta, ba ni da hanyar isa gare ta.

Da yamma na tafi wurin wani dattijo cikin manyanmu, mutumin kirki da ya sha taimakona. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, nan garin mutane ne. Ka yi haƙuri, Allah zai ba ka wanda ya fi shi." Ya zaro naira dubu biyar ya sa mini a aljihu. Na karɓa don kada in ba shi kunya, na yi godiya, amma a hanyar gida hawaye nake sharewa. Na je ne in ji wani ya ce mini an zalunce ka, ga inda za ka kai kuka. Shi kuma Baba abin da ya sani shi ya ba ni. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, don shi ma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Wadda ta gaya mini wata Bayarabiya ce da nake yi wa mijinta takalma, tana aikin rubutu a ofishin wani lauya a Ikeja. Ta zo karɓar kaya ta iske ni a waje. Da Turancin buroka ta fahimtar da ni cewa Legas tana da dokar haya tun 2011, kuma a ƙarƙashinta ɗan haya na shekara, in ba wata yarjejeniya aka rubuta daban ba, notis na wata shida ake ba shi, bayan nan na kwana bakwai, daga nan kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tsiya ya yi laifi, hukuncinsa tara har naira dubu 250 ko ɗaurin wata shida. Ta ce kuma dalilin da ejan ya faɗa da bakinsa, maganar keken guragu, shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ta yagi takarda ta rubuta mini wurare biyu: cibiyar sulhu ta gwamnatin jiha da ake kira CMC a lokacin, da ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa talaka kyauta, wato OPD.

Na tafi cibiyar sulhun da 'yata ta fari, tana aji biyu na babbar sakandare a lokacin, ita ce bakina da kunnena. Aka rubuta wa ejan takardar gayyata. Ranar zama ya zo da ɗaya daga cikin magada, wanda ashe bai ma san abin da aka yi da sunansu ba. Aka duba rasit, aka karanta musu abin da doka ta ce. Mutumin da ya tsaya a kaina yana ɗaga murya a bakin kwata, ranar nan a hankali yake magana. Aka rubuta yarjejeniya: a cire kwaɗo, in ci gaba da zamana, a sake zuba gangaren da kuɗinsa. Kwana goma sha tara duka abin ya ɗauka, ban kashe ko sisi ba sai kuɗin mota. Takalmin ango dai bai samu ba, na mayar masa da kuɗinsa na ba shi haƙuri. Har yau a shagon nake.

Edita, abin da ya hana ni barci bayan nan shi ne lissafi. Shekara goma sha tara na yi a garin nan ban san da waɗannan ƙofofi ba. Da matar nan ba ta zo karɓar takalmi ranar ba, da na kwashe kayana na koma bakin titi ina cewa haka Allah ya ƙaddara. Rashin sani ya fi dare duhu. Daga nan na sa 'yata ta riƙa buɗo mini dokokin a waya bayan sallar isha, tana karantawa tana juya mini da Hausa, inda ya gagare ta mu ajiye har ta tambayi malaminta. Abin da na ji ya girgiza ni.

Ashe tun 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, Legas ta yi dokar kanta ta masu naƙasa, ta kafa mana ofishi na musamman mai suna LASODA, ta kuma ce duk wanda ke da ma'aikata ɗari ya ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa da suka cancanta. Ashe a Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna mana wariya. Mutumin da ya ware ka saboda naƙasarka, tarar naira dubu 100 ce a kansa ko wata shida a gidan yari ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan 1. Bayan wannan kuma kai da aka wulaƙanta kana da damar shigar da taka ƙarar ka nemi diyya. Dokar ta ce a ma'aikatun gwamnati kashi 5 cikin 100 na aiki namu ne, karatun mai naƙasa kyauta ne har ƙarshen sakandare, in ana layi a fara sallamarmu. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara ƙofofinsu da matakalansu yadda mai keke da makaho za su iya shiga, kuma wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu naƙasa a ƙarƙashin James Lalu, a 2024 kuma aka naɗa Ayuba Gufwan, mutumin Filato, wanda shi ma shan inna ce ta taɓa shi kamar ni.

Ba daga sama dokar nan ta faɗo ba. Majalisa ta sha zartar da ƙudurin a gwamnatocin baya ana ƙin sa hannu, masu naƙasa suna komawa suna sake bugun ƙofa. Cikinsu akwai David Anyaele, wanda 'yan tawaye suka sare wa hannaye biyu a Saliyo a 1999, ya dawo ya kafa cibiyar kare haƙƙinmu a nan Legas, da kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarmu ta ƙasa, JONAPWD. Sun yi nasu. Amma da Turanci aka rubuta ta, da Turanci ake taro a kanta a manyan otal, mu kuma da muka cika titin Kano na Ebute Metta da gidan masu naƙasa na Oko-Baba da Idi-Araba da Mile 12 da Zangon Agege, mafi yawanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Ka tuna abin da ya faru a watan Maris na 2024 a filin jirgin Murtala Muhammed? Wani gidan abinci ya hana Debola Daniel, ɗan tsohon gwamnan Ogun Gbenga Daniel, zama a ciki saboda yana kan keke. Ya rubuta abin da aka yi masa a intanet, ƙasa ta ɗauka, hukumar filayen jiragen sama ta rufe wurin nan take. Wallahi na yi murna, don wulaƙancin da aka yi masa na san ɗacinsa a bakina. Sai dai shi ya san an taka doka, ya san yadda zai faɗa, ya san wanda zai ji. Yanzu bari in ba ka labarin wanda bai sani ba.

Ina da amini makaho, mahaddacin Alƙur'ani, yana sayar da turare da carbi da asuwaki a ƙofar wani masallaci. Wata rana yana tsaye a tasha da sandarsa yana jiran mota zai je sari, wasu jami'ai masu kamen mabarata suka tsaya suka cicciɓe shi suka jefa a mota. Yana ta faɗa da Hausa cewa shi ɗan kasuwa ne, ga kuɗin sarinsa a aljihu, ba wanda ya ji abin da yake cewa. Sanda da farar jallabiya da Hausa, shi ke nan an yanke masa hukunci. Kwana goma sha ɗaya iyalinsa suna yawo asibiti-asibiti kafin aka gano inda ake tsare da shi. Da ya dawo mun taru mun yi addu'a, an dafa abincin sadaka, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ba wanda ya ce a nemi lauya, har da ni, don a lokacin ban sani ba. Yanzu na san sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun tana da nisa, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Na san sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma, in bai jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Da na karanta wa Malam wannan, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe mu ma an san da mu a littafin?"

Wannan tambayar tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ƙananan abubuwa kuwa ba sa ƙirguwa. Bankin da nake ajiya, ƙofarsa irin mai kejin nan ce da mutum ɗaya ke shiga a tsaye. Kekena ba ya wucewa, sai dai in zauna a rana maigadi ya shiga da takardata, sirrin kuɗina yana hannun wanda ban sani ba. Gadojin tsallaka titi da yawa matakala ce zalla, ga shi tsallakawa ta ƙasa laifi ne. Direban danfo in ya hango keke sai ya ƙara wuta. Duk wannan mun saba kiransa halin Legas. Yanzu na gane da yawa a cikinsa sunansa karya doka.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar 2019 ɗin nan da nake yabo ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, kuma mun san akwai masu ɗebo guragu da makafi daga gida, har da ƙananan yara, su zube su a bakin gada da safe su zo da dare su karɓi abin da aka samu. Mun san 'yan matan da ke jagora, shekara goma, sha biyu, sanda a hannu daga asuba zuwa magariba, ba boko ba islamiyya. Ranar da za mu fara neman haƙƙinmu a wurin gwamnati da bankuna, ranar za mu fara neman na yaran nan a cikin gidanmu. Amma kamun mutum a jefa a mota ba ya raba shi da bara. Abin da ya kare ni daga faɗawa cikinta basilla ce da wani bawan Allah ya koya mini riƙewa ina ɗan shekara goma sha biyu.

To ga roƙona, kuma da kai zan fara, Edita. Ka ware mana ɗan gefe a jaridar nan, kowane mako sashe ɗaya na dokar nan da Hausa mai sauƙi, irin wadda ake yi a kasuwa. A samu mai murya ya karanta a naɗa, a riƙa turawa ta WhatsApp, don makaho da kunne yake karatu, kuma da yawanmu ajami muka iya, boko sai kame-kame. Sashe ɗaya ba zai wuce minti uku ba. In ya shiga waya ɗaya a Oko-Baba, kafin la'asar ya zaga gidan.

Sai lauyoyinmu 'yan Arewa. Kuna nan da yawa a Ikeja da Ikoyi da cikin Eko, ga kuma matasa masu bautar ƙasa da ake turowa kowace shekara. Ba kuɗinku muke roƙo ba. Yini ɗaya a wata muke roƙo, ku zo inda muke ku zauna a kan benci ku saurare mu da harshenmu. Yawancin matsalolinmu ba sa ma kaiwa gaban alƙali: takarda ɗaya mai hatimin lauya ta isa ta buɗe shagon da aka kulle, ta isa ta fito da wanda aka tsare. Wanda ya fi ƙarfinku ku nuna masa hanyar OPD, wanda aka kafa tun 2000 lokacin Bola Tinubu yana gwamna, Yemi Osinbajo yana kwamishinan shari'a, ko hukumar ba da agajin lauya ta tarayya da ke nan tun 1976, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ku haɗa shi da wanda zai yi masa tafinta, don mutum yana iya isa ƙofar da ta dace ya dawo hannu rabbana saboda harshe. Kuma an gaya mini tun 2009 ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi suka ba da dama wani ya shigar a madadin wani, ko ƙungiya a madadin mutanenta. Ke nan ba sai makaho ya san hanyar babbar kotu da kansa ba. Ina so in ga ranar da lauya Bahaushe zai ɗauki shari'a ɗaya tak ta gurgu ko kurma ɗan Zango ya bi ta har ƙarshe, a ci tarar nan da aka rubuta, a buga a jarida. Shari'a ɗaya irin wannan za ta yi mana abin da buhunan shinkafar da ake raba mana ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya, ba su yi ba, duk da muna godiya da su.

Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku. Mu Hausawa mun daɗe da tsari a wannan fanni: tun kaka da kakanni muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowa ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya. A ba su littafi su riƙa rubuta wanda aka kama da ranar da aka kama shi, wanda aka kora daga haya, yaron da makaranta ta ƙi karɓa. Kowace fada ta ajiye lambar lauya kamar yadda take ajiye ta mai wankan gawa. In talaka ya zo da kuka, a ba shi haƙuri, a kuma ba shi lambar. 'Yan majalisarmu na Abuja kuma su duba sashe na 42 na kundin tsarin mulki: ya hana wariya saboda ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa da sunanta ba. A duk lokacin da aka buɗe gyaran kundin, a sa ta.

Na bar malamaina a ƙarshe don maganarsu ta fi yi mini nauyi. Masallacin da nake Juma'a matakala shida gare shi. A ƙasa nake barin keke, in sa silifa a hannu in ja jiki in hau, ta kan ruwan alwalar da ƙafafun mutane suka kwaso, in isa sahu gwiwar wandona a jiƙe. Shekara da shekaru haka nake yi, mutane suna matsa mini hanya suna cewa sannu, Allah ya ba da lada. An sa tayil, an sa fankoki, an sake fenti sau biyu. Ku kuka karantar da mu cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladanci, ya kuma sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Masallaci ma ginin jama'a ne, wa'adin Janairun 2024 ya hau kansa. Ba na so a ce sai hukuma ta zo ta tuna mana. Na san kuɗin gangaren siminti, don sau biyu aka zuba shi a ƙofar shagona.

Ranar Lahadi ba na buɗe shago sai bayan azahar. Akwai rumfa a gabansa da benci biyu, suna ɗaukar mutum goma, keke kuma yana hawa. Lauyan da ya shirya farawa, ni zan tara masa mutane, 'yata za ta riƙe littafi, shayi kuma a wuyana. Na bar wa Edita yadda za a same ni.

Wassalam.

Naku,
Mai ɗinkin takalma,
Agege, Legas.